Dokar Hana Yoyon Iska a Sababbin Gine-gine: Darasin Turai da Abin da Ya Shafe Mu

A ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 2022, ƙasar Ingila ta ƙara tsananta ƙa'idojin da suka shafi sababbin gine-gine, kamar ofisoshi, manyan kantuna, makarantu da asibitoci. Bayan kwana 16, wato ranar 1 ga watan Yuli, Faransa ita ma ta soma aiki da sabuwar dokarta a kan ofisoshi da makarantu. Dokokin biyu sun yi tarayya a kan wani abu da ido ba ya gani, shi ne iskar da ke kurɗawa ta tsagogin gini. Kowace ta yanke iyakar iskar da aka yarda ta kurɗa, kuma kowace ta ce sai mai gini ya kawo shaidar cewa bai wuce iyakar ba.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da wannan magana, tunda su sanyi ke damun su, mu kuwa zafi? Amsa ita ce, irin kafar da ɗumi ke bi ya fice a Turai, ita ce sanyin na'ura ke bi ya tsiyaye a bankunanmu, da ma'aikatunmu, da ɗakunan ajiyar magani. Kuɗin wutar gine-ginen gwamnati kuwa daga aljihun talakawa yake fitowa. Sai dai kuma akwai haɗari babba ga wanda ya kwaikwayi wannan doka ido rufe. Za mu duba abin da dokar ta ƙunsa, da dalilinta, da illar da ta taɓa jawowa, sannan mu ga wane ɓangare nata ne ya dace da ƙasarmu.

Mene ne yoyon iska?

Kowa ya san yoyon ruwa. Idan rufi ya huje, damina za ta tona asirinsa. Iska ma haka take yi, sai dai ita ba ta barin jiƙa a ƙasa balle a gane. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska ba ta ma bukatar tsaga babba. Tana bi ta ƙarƙashin ƙyaure, da gefen taga, da mahaɗar bango da rufi, da ramukan da aka huda domin wayar lantarki ko bututun ruwa aka bar su a buɗe.

Abubuwa biyu ne ke tura ta. Na farko shi ne kaɗawar iskar waje, wadda ke danna bango ɗaya tana kuma jan iskar ciki ta ɗaya bangon. Na biyu shi ne bambancin zafi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sama take yi. Mai sanyi ta fi nauyi, ƙasa take kwanciya. A ƙasar sanyi, ɗumin da aka sayo da kuɗi yana hawa sama ya fice ta rufi, sanyi ya shigo ta ƙasa ya maye gurbinsa. A ɗakin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, abin juyawa yake yi: sanyi ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa, zafi da ƙura su shigo ta sama.

A nan ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai yoyon iska, wanda ba wanda ya shirya shi, ba kuma wanda ke iya tsayar da shi. Akwai kuma sauyin iska, wanda aka shirya da gangan ta hanyar taga, ko kafar sama, ko fanka mai jawo iskar waje. Wannan ana buɗe shi lokacin da ake so, a rufe lokacin da ba a so. Dokokin da muke magana a kai yoyo suke yaƙa, sauyin iska kuwa wajabta shi suke yi.

Asalin maganar

A shekarar 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda ke ƙona mai da gas domin ɗumama gidaje da ofisoshi, suka shiga neman inda za su rage. Masu bincike suka gano cewa wani kaso mai yawa na ɗumin da ake biya yana ficewa ne ta kafofin da ba wanda ya san da su. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙirƙiro hanyar auna yoyon da fanka, a Suwidin da Amurka.

Daga baya wani dalili ya ƙaru, wato sauyin yanayi. A 1997 aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto a Japan domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Tarayyar Turai ta yi lissafi ta ga cewa gine-gine na cin kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin da take amfani da shi. Saboda haka a 2002 ta kafa doka a kan tsimin makamashi a gine-gine, ta sabunta ta a 2010, ta kuma sake sabunta ta a 2024. A wannan ta ƙarshe an ce daga shekarar 2028 sababbin gine-ginen hukuma su daina fitar da hayaƙin mai da gas, sauran sababbin gine-gine kuma su bi sahu daga 2030. Abin lura shi ne, a kowane mataki gine-ginen gwamnati ake sa wa a gaba, domin su zama abin koyi. Tsadar gas da ta biyo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ta ƙara wa maganar ƙarfi.

Yadda ake gwajin

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Idan gini ya kusa ƙarewa, sai a rufe duk tagogi da ƙofofin waje, a buɗe na ciki, a toshe hanyoyin sauyin iskar da aka yi da gangan. Sai a ɗaura babbar fanka a bakin ƙofa ɗaya, a kewaye ta da tamfol yadda iska ba za ta bi ta gefe ba. Fankar ta yi ta tura iska ciki, ko ta yi ta zuƙe ta waje, har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai wani mizani. A Ingila mizanin shi ne paskal 50. Paskal ma'aunin matsi ne, kuma 50 ya yi daidai da dannawar iskar da ke gudun kilomita 30 da ɗoriya a awa ɗaya.

Idan ginin a toshe yake, fanka ba ta shan wahala kafin ta kai mizanin. Idan kuwa rariya ne, sai ta yi ta aiki, domin duk abin da ta tura ficewa yake yi. Yawan iskar da ta tura a awa ɗaya shi ne yawan yoyon. Manyan gine-gine sukan bukaci fanka da yawa a lokaci guda, ko wata babba da ake ɗaukowa a mota.

Ana ƙirga iskar da mita kubik. Mita kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Yana ɗaukar lita 1000, wato ganga 5 mai cin lita 200. Sai a raba yawan iskar da faɗin bangaye da rufi da daɓen ginin. Misali, a ce faɗin bangaye da rufi da daɓe na wani ofis ya kai murabba'in mita 2000. Idan doka ta ce 10, to an yarda mita kubik dubu 20 su kurɗa a awa ɗaya lokacin gwaji. Idan ta ce 8, ya koma dubu 16. Ginin da ya wuce iyaka ya faɗi. Sai a bi shi da ɗan hayaƙi, ko da na'urar ɗaukar hoton zafi, a gano kafofin, a toshe, a sake gwadawa.

Abin da dokokin suka tanada

A Ingila, ƙa'idar tana cikin sashen dokar gini da ake kira sashe na L. A 2002 aka sa iyakar 10, aka soma neman gwaji ga gine-ginen da faɗin daɓensu ya wuce murabba'in mita 1000. A 2006 gwajin ya zama tilas a doka, aka kuma faɗaɗa shi zuwa gine-gine masu ƙarancin girma. Waɗanda ba su kai murabba'in mita 500 ba ne kawai aka yi wa sassauci. A 2022 aka rage iyakar daga 10 zuwa 8. An yi shekara 20 ke nan ana hawa mataki-mataki, ana ba magina lokacin koyo.

Faransa da gidajen kwana ta fara, a dokarta mai suna RT 2012. Sabuwar dokar, RE2020, ita ce ta kai maganar ga ofisoshi da makarantun firamare da sakandare a 2022. Ta sa iyakar 1,7 ga waɗanda ba su wuce murabba'in mita 3000 ba. Kada mai karatu ya ɗauka cewa Faransa ta fi Ingila tsanani ninki biyar. Faransawa a kan paskal 4 suke lissafinsu, Ingilawa a kan paskal 50. Tamkar a ce wani ya auna hatsi da tiya, wani ya auna da buhu. Duk wanda zai kwatanta lambobin ƙasashe biyu, sai ya fara tambayar ma'aunin da kowa ya ɗauka.

A Jamus akwai wani tsarin gini na ganin dama mai suna Passivhaus, wanda aka gina gidansa na farko a garin Darmstadt a 1991. Ya fi dokokin gwamnatoci tsanani ƙwarai, kuma an gina makarantu da ofisoshi da dama a kansa. A Amurka, sashen injiniyoyin soja ya wajabta gwajin ga sababbin gine-ginensa tun 2009.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Dubai, gari mai tsananin zafi da ƙura. A 2014 ƙa'idojinsa na tsimin makamashi suka hau kan duk sababbin gine-gine. A cikinsu an ce manyan gine-gine masu na'urar sanyaya ɗaki sai an gwada su, kuma kada su wuce 10. Wannan ya nuna cewa maganar ba ta tsaya ga ƙasashen sanyi ba. Duk inda ake kashe kuɗi domin iskar ciki ta bambanta da ta waje, yoyo asara ne.

Illar toshewa ba tare da hanyar numfashi ba

Turawa ba su kai ga wannan tsari ba sai da suka yi tuntuɓe. Bayan tsadar mai ta 1973, an toshe ofisoshi da yawa, aka kuma rage iskar wajen da ake shigarwa. A Amurka ma'aunin 1981 ya yarda da lita 2 da rabi kacal a daƙiƙa ɗaya ga kowane mutum, a inda ba a shan taba. Ma'aikata suka shiga kukan ciwon kai, da kasala, da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, abin da ke sauƙi da zarar sun bar ofis. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi magana a kan wannan matsala. A 1989 aka ninka ma'aunin sau uku, ya koma lita 7 da rabi.

Dalilin a fili yake. Mutum yana shaƙar iska mai kyau, yana fitar da wadda ta gaji, tare da tururi da ƙwayoyin cuta idan yana da su. Fenti, da gam, da sababbin kujeru su ma suna fitar da nasu warin. Idan ba mafita, duk a ɗakin suke taruwa. Annobar korona ta 2020 ta sake tuna wa duniya wannan darasi. Shi ya sa a ranar da Ingila ta rage iyakar yoyo zuwa 8, a ranar ce kuma sabon sashen dokarta na sauyin iska ya soma aiki. A ofis ana neman lita 10 na iskar waje a daƙiƙa ɗaya ga kowane mutum, an kuma ƙara da sa na'urar da ke nuna gajiyar iska a wasu ɗakunan da jama'a ke taruwa. Dokar toshewa da dokar numfashi tagwaye ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Masu yabo da masu ƙorafi

Masu goyon bayan dokar suna da hujjoji uku. Kuɗin wuta da na gas suna raguwa. Ana iya sayen na'ura ƙarama maimakon babba. Hujja ta uku kuwa ita ce ta fi nauyi: gwajin yana tona asirin aikin ganganci. Sauran ƙa'idojin gini a takarda ake duba yawancinsu. Wannan kuwa ginin kansa ake tambaya, kuma fanka ba ta karɓar toshiyar baki.

Masu ƙorafi su ma ba su rasa abin faɗi ba. Gwaji na cin kuɗi, kuma yana bukatar ƙwararrun masu awo waɗanda ba yaran ɗan kwangila ba ne. Wasu magina suna jira sai ana gobe gwaji su bi tsagogi da gam, ginin ya ci jarrabawa, bayan ƴan shekaru gam ɗin ya bushe ya tsage, yoyo ya dawo. Akwai kuma gine-ginen da aka toshe da kyau amma aka bar na'urar sauyin iskarsu ba kulawa. Waɗanda suka daɗe a aikin sun ce maganin abin shi ne a tsara toshewar tun a zanen gini, a kuma sanar da birkila, da kafinta, da mai sa waya, da mai sa famfo, domin kowannensu na iya huda abin da ɗan uwansa ya rufe. Tun ran gini, tun ran zane.

Ina Nijar ta tsaya?

Wutar lantarki a ƙasarmu ba ta wadata ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ga abin da dogaro da wutar waje ke nufi. An mayar da ita a 2024 bayan ɗage takunkumi, kuma tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta soma aiki a 2023. Duk da haka, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, bukata takan fi ƙarfin abin da ake da shi. Zafin kuwa ƙaruwa yake yi: a watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali.

A irin wannan lokaci na'urorin sanyaya ɗaki suna cikin abubuwan da suka fi jan wuta. Ofishin da na'urarsa ke aiki alhali ƙofa ba ta rufuwa, taga ta fashe, ramin bututu a buɗe, ɗiban ruwa yake yi da rariya. Wutar da ya ɓarnatar ita ce tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara suke jira a wata unguwa.

Ba a rasa yunƙuri a yankinmu ba. A 2017 Nijeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta fi mayar da hankali ga girman tagogi, da inuwa, da kare rufi daga zafi, da fitilu, da ingancin na'urori. A 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta amince da umarni a kan tsimin makamashi a sababbin gine-gine. Darasin Ingila a nan shi ne, ƙa'ida tana soma cizo ne ranar da aka samu mai zuwa ya auna.

Gini iri biyu, hukunci iri biyu

Idan za mu amfana da wannan ilimi, dole mu raba gine-ginen jama'a gida biyu.

Kashi na farko su ne masu na'urar sanyaya ɗaki: bankuna, otel-otel, manyan ma'aikatu, ɗakunan tiyata, ɗakunan gwaje-gwajen asibiti, da wuraren ajiyar magani da allurar rigakafi. Waɗannan ya kamata a toshe su da kyau, kamar yadda Dubai ta nema. Bayan tsimin wuta, toshewar na hana ƙurar hunturu shiga ta ɓata na'urori da kayan aiki. Amma a sani, yawancin ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a bango iskar ɗakin kawai suke juyawa, ba sa shigo da sabuwa. Saboda haka dole a tanadi wata hanya ta shigo da iskar waje.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su da na'ura, kuma ba za su samu ba nan kusa: azuzuwan makaranta, cibiyoyin yaƙi da jahilci, ɗakunan shan magani na karkara, masallatai da rumfunan kasuwa. Su ne mafiya yawa. Toshe irin waɗannan zalunci ne. A ɗauki aji mai ɗalibai 60. Idan aka bi ma'aunin lita 10 ga kowane mutum, ajin na bukatar lita 600 a kowace daƙiƙa, wato ganga 3. A asibiti bukatar ta fi haka. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lita 60 a daƙiƙa ga kowane majiyyaci a ɗakin kwanciya mai dogaro da tagogi, da lita 160 a ɗakin masu cutar da iska ke ɗauka, kamar tarin fuka. A ƙasar da ake fama da tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau, taga magani ce.

Maginanmu na gargajiya sun san sirrin wannan kashi na biyu. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakin sa sai dare ya yi. Soro mai tsayi yana ba zafi wurin hawa. Alhaji Falke Barmu, maginin masallacin Yama da ke jihar Tawa, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986 saboda irin wannan gwaninta. Tun farkon shekarun 1980 aka soma koya wa magina a Nijar ginin tubali mai rufin baka da tulluwa, wanda ba a sa masa icce. A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. An tsara shi yadda iska za ta ratsa da kanta ba tare da na'ura ba.

Ginin da ya fi cutarwa shi ne wanda ya faɗa tsakiya, kuma shi ne aka fi gani: bulon siminti siriri, rufin kwano ba silin, tagogi ƙanana a bango ɗaya. Ba shi da toshewar da za ta riƙe sanyin na'ura, ba shi kuma da buɗewar da za ta kori zafi. A ƙasa irin tamu, zafin da ke saukowa daga kwano da wanda ke ratsa gilashin da rana ke duka shi ne abokin gaba na farko. Inuwa da rufi ake fara gyarawa, sannan a zo kan toshe kafofi.

Shawarwari ga kwamitoci da hukumomi

Kwamitin makaranta, da kwamitin asibiti, da ƴan majalisar gari suna da ta cewa lokacin da ake gini da sunan jama'a. Ga abubuwan da ya kamata su kula da su:

1. Tun kafin a kafa tushe, a yanke shawara: ginin nan da na'ura zai yi aiki, ko da iskar Allah? A rubuta amsar a takardar kwangila, a karanta ta a gaban kowa.

2. Idan ba na'ura, a nemi tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna, da kafofi a sama kusa da rufi, da rufi mai tsayi wanda ya zarce bango ya yi masa inuwa. Tagogin su kasance masu rufuwa, saboda ƙura da sanyin hunturu. A dasa itatuwa ta gabas da yamma.

3. Idan da na'ura, a nemi roba a gefen ƙofofi da tagogi, da ƙofa mai rufe kanta, a kuma cike duk ramin da aka huda domin waya ko bututu. A guji taga mai falle-fallen gilashi a irin wannan ɗaki, domin ba ta rufuwa ruf. A tambayi ta inda sabuwar iska za ta shigo.

4. Ko ba fankar gwaji, akwai dabaru masu sauƙi. A rufe ɗaki da rana a kashe fitila: duk inda haske ya leƙo, iska ma na bi. A kunna sandar turare a bi gefen taga a ranar da iska ke kaɗawa, a ga inda hayaƙi ya karkata. A maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe: idan ta zaro da sauƙi, ƙofar ba ta kama ba. Layin ƙurar da ake gani a daɓe da safe lokacin hunturu shi ma shaida ne.

5. A yi wannan dubawa kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe. Bayan an biya, gyara ya koma kan jama'a.

6. Kada a taɓa kunna gawayi ko injin janareto a cikin rufaffen ɗaki ko shago. Suna fitar da wata guba marar launi, marar wari, mai sa barci da kisa. Gwargwadon toshewar ɗaki, gwargwadon saurin illarta.

Ga hukumomin ƙasa kuwa, hanyar da Ingila ta bi abin dubawa ce. Da manyan gine-gine ta fara, da iyaka mai sauƙi, sannan ta riƙa matsawa a hankali. Idan aka soma da ƴan manyan gine-ginen gwamnati masu na'ura a Yamai da manyan biranen jihohi, aka horar da matasa masu awo a makarantun koyon sana'a, za a san halin da gine-ginenmu ke ciki da lambobi, ba da hasashe ba.

Ginin da aka yi bana zai iya kai shekara 40 ko 50 ana shiga cikinsa. Yaran da ke aji ɗaya yau za su girma su kai nasu ƴaƴan wannan ajin, su kuma biya kuɗin wutar wannan ofishin. Saboda haka duk wanda aka kira taron duba sabon gini, ya tafi da tambayoyi biyu a bakinsa: ta ina iska ke shiga ba da izininmu ba, kuma ta ina za ta shiga idan muna bukatar ta?